Alewar gidan mai da sabon zuwa Amurka ya kamata ya sani

Makonka na farko a Amurka, ka shiga shagon gidan mai don sayen ruwa, za ka ga a gefen mai karɓar kuɗi an jera wata alewa mai danƙo cikin leda mai ƙyalli, da 'yan kwalaben mai, an rubuta musu CBD ko Delta-8. Daga tsiron wiwi aka tatso su, duk da kwalliyar.

A Disambar 2018 dokar noma ta tarayya ta raba wiwi gida biyu. Wadda sinadarin maye na delta-9 THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyinta ba, suna ce mata hemp, aka cire ta daga jerin haramtattun ƙwayoyi. 'Yan kasuwa kuwa ba sa barci. Suka riƙa sarrafa CBD, sinadarin hemp da ba ya bugarwa, zuwa Delta-8, wanda shi ma yana bugarwa, kowace jiha ta kama gabanta. Niyok da Kolorado, waɗanda suka halatta wiwi ga manya, sun hana Delta-8. A Tekzas majalisa ta zartar da haramci a 2025, Gwamna Greg Abbott ya hau kujerar na-ƙi. A Nuwambar shekarar majalisar tarayya ta ƙara tsaurara dokar hemp ɗin, tare da wa'adin shekara guda kafin ta fara aiki. Abin da ka saya lafiya lau a nan, ka tsallaka jiha ya zama laifi.

Inda baƙo ya fi tuntuɓe shi ne gwajin fitsari. Gwajin ba ya tambayar daga wace leda THC ya fito, kuma abin da ke rubuce a jikin kwalba ba kullum yake gaskiya ba. Masu neman lasisin tuƙin tirela, ku kula: ma'aikatar sufuri ta ce shan CBD ba uzuri ba ne in sakamako ya nuna wiwi.

Sai batun takardu. Shige da fice na hannun tarayya, ba ruwanta da sassaucin jiharka. Mai biza ko girin kad (katin zaman dindindin) da aka kama da abin da ya haura ƙa'ida, sai ya nemi lauyan shige da fice tun kafin ya amsa wata tambaya.

In za ka gida hutu, kada ka jefa man CBD a akwati wai tsarabar ciwon gwiwar Hajiya. Jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na filin jirgin Malam Aminu Kano da dokar Najeriya suke aiki. Yara kuma a gida alewa kawai suke gani, sai a sa ido.