Yadda Za Ka Canza Man Aksil Da Sa Wa Tsohuwar Land Cruiser Giris

Ajiye motar a wuri mai daidai, bayan ta ɗan yi tafiya mai ya yi ɗumi. Fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa. In ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancuwa, sai dai a ja motar zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana.

Duba abin da ya fito. Baƙin gari a jikin maganaɗisun noti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe alama ce haƙoran giya ko boris sun fara ci. In man ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, galibi ta bututun numfashin aksil bayan ratsa ambaliyar damina. Wanke bututun, don in ya toshe mai zai riƙa tsartuwa ta sil, wato robar da ke hana mai yoyo.

Zuba man giya mai lamba 80W-90 GL-5 har ya fara dawowa ta ramin zubawa na sama. Land Cruiser samfurin 80 na shan kusan lita 3 kowane aksil.

Kuros kuwa, wato mahaɗi mai siffar gicciye a jikin farfela (sandar da ke kai juyi zuwa aksil), goge kan nonon da ake buga giris ta cikinsa tukuna, ka buga giris har sabo ya fito ta gefe huɗu. Wajen da farfela ke zamewa, bugu 3 ya isa. In ka cika shi, zai danne boris ɗin akwatin giya.