Yadda ake kama giwan ruwa da kifin roba a dam

Toh jama'a, wannan kifin roban da 'yan Amurka ke kira suwimbet, su can kifin bas suke kamawa da shi a dam-dam ɗinsu, mu kuma giwan ruwa ne daidai da shi, don duk halinsu ɗaya, laɓewa suke yi su jira ƙaramin kifi ya gitta su zuƙe shi. Zan yi maganar ne a kan Kainji, dam ɗin da aka gama a 1968.

Shi abin roba ne mai laushi, siffar ƙaramin kifi, da kan dalma da ƙugiya a bayansa, jelar kuma tana da faɗi ta yadda in ka ja zare sai ta dinga kaɗawa kamar mai rai. Samu mai tsawon tafin hannunka, kalar karfasa ko fari mai ƙyalli in ruwa ya kwanta ya yi garau lokacin hunturu, in kuma ruwan damina ne ya yi jawur da laka sai ka sa mai kala mai haske sosai wanda kifin zai hango. Sandar fatsa mai ƙarfi da injin naɗe zare, sannan dan Allah kar ka yi rowa wajen zare, ka ƙulla mai kauri mai tsawon kamar kamu biyu a gaba, saboda murfin kunnen giwan ruwa kaifi gare shi, kifin tsage kuma haƙoransa yanke siririn zare suke yi nan take.

Amma babban abin shi ne wuri. Mutane da yawa sai su shiga kwalekwale su tafi tsakiyar ruwa suna ta jifa har rana ta take, alhali giwa ba ta yawo haka kawai, tana gindin duwatsu, da kututturen bishiyoyin da ruwa ya cinye lokacin da aka cika dam, da inda ƙasa ta zarce zurfi farat ɗaya wato tsohon bakin kogi. Lokacin da ruwa ya ja baya ka je ka zagaya da idonka ka haddace inda suke, in ya dawo ya rufe su nan za ka jefa. Ka kuma gaida sarkin ruwan wurin da Sarkawa masuntan da ka tarar, ka tambayi inda suka sa taru kar ka je ka yaga musu kaya, su ne suka san ruwan.

Sammako ko dab da magariba. Ka jefa ya wuce dutsen kaɗan, ka bar shi ya nutse kana ƙirga a ranka, sai ka fara naɗewa a hankali, a hankali fa, yadda za ka ji jelar na motsi a sanda kawai. Jefi-jefi ka tsaya ya ɗan faɗi, sau da yawa a nan take kaiwa cafka. In ka ji ɗan taɓi kar ka fizga, ci gaba da naɗewa sai ka ji nauyi sosai sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi. Daga nan za ta nufi cikin duwatsu ko ta taso sama tana girgiza kai don ta tofar da ƙugiya, kai dai kar zare ya yi sako-sako, kuma kar ka ɗaure injin tamau, bar shi ya dinga sakin zare in ta ja, kifi ne da ke iya wuce kilo 100.

Kar ka taɓa naɗe zaren a hannunka, yana yanka har ƙashi. Rigar ruwa mai hana nutsewa kuma ka sa ta ko ka iya iyo, iska na tashi a Kainji ba sallama. Ƙananan da ba su kai ba ka mayar da su ruwa su girma, ka jiƙa hannu kafin ka riƙe su, ka cire ƙugiyar da filaya.