Yadda Ake Shirin Tafiya Ghana ta Mota Daga Najeriya

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Ghana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Abin da ya fi tsayar da mutane a kan iyaka shi ne katin rigakafin shawara, don haka da shi za ka fara.

Je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, irin wanda ke filin jirgin sama, a yi maka allurar a ba ka katin nan mai ruwan ɗorawa. Sai bayan kwana 10 da yin allurar katin yake fara aiki, saboda haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. Sau ɗaya ake yin ta, tun 2016 ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Masu sayar da katin ba tare da allura ba suna nan, amma sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba takarda.

Sai fasfo. Duba ranar ƙarewarsa, ka ɗauki hoton shafin farko a waya, ka ajiye kwafi a wata jaka daban.

Hanyar da aka fi bi ta gaɓar teku ce: Legas zuwa Seme, iyakar Benin, a ratsa Kwatano, a shiga Togo, a wuce Lome zuwa Aflao, iyakar Ghana, sannan Accra. Iyaka uku ke nan, kowacce da layinta. Sauka da kanka ka ga an buga maka hatimi. Wanda ya miƙa wa yaran iyaka fasfonsa don su "tsallakar" da shi, ranar komawa zai rasa hatimin shiga, kuma a nan ake tatsar mutum. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko na ɗan garinku ne. Hanyar arewa ta Burkina Faso kuwa a haƙura da ita saboda rashin tsaro, haka ma yankin Bawku na arewacin Ghana mai fama da rikicin sarauta.

Kuɗi kala uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sai sidi a Ghana. Canza kaɗan a iyaka don abinci da kuɗin mota, sauran ka bari sai shagon canji mai lasisi. Daga Togo agogo yana komawa baya da awa ɗaya, sai ka lura da lokutan salla.

Masauki ba ya wuya ga Bahaushe. A Nima ko Sabon Zongo a Accra, ko Aboabo a Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, ka ci wake da shinkafarsu da suke kira waakye. Kwana cikin gidan sauro, sha ruwan roba ko na leda, magungunanka kuma su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita. Kayan da suka yi kama da kakin soja bar su a gida, farar hula ba ya sa su a can. Lambar gaggawa 112 ce.

In kasuwanci ya kai ka, sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Sarin kaya ka dawo ba laifi. Buɗe shago kuwa, nemi lauya tukuna kafin ka biya kuɗin haya.