Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tebur da Hannu

Mafi yawan asarar da sabon mai haɗa kwamfuta yake yi a wajen saye take faruwa, tun kafin ya ɗauki sukurudireba, domin kayan da aka tsinto ɗaya bayan ɗaya ba lallai ne su dace da juna ba. Saboda haka a fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, sannan a nemo babban allo, wato faifan da ake jona dukkan kayan a jikinsa, wanda soket ɗinsa, gurbin da furosesa ke zama, ya yi daidai da ita. Furosesar AMD ta jerin Ryzen 7000, wadda ta fito a 2022, soket ɗin AM5 take hawa, ta Intel kuwa daga zubi na 12 zuwa na 14 LGA1700 ne mazauninta, kuma babu dabarar da za ta zaunar da wannan a gurbin waccan.

Haka abin yake ga RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe aikin da ake cikin yi, wadda take mantawa da komai da zarar an kashe wuta. Akwai DDR4 da DDR5, tsagin da ke gindinsu ba wuri ɗaya yake ba, kuma allon AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5. Gigabait 16 ta wadatar ga aikin ofis da karatu. Fayiloli kuwa a SSD suke zama dindindin, wato ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko an kashe wuta.

Abin da bai kamata a yi wa ƙoro ba shi ne akwatin rarraba wuta. Mutane sukan zuba kuɗi a katin hoto, wanda ke sarrafa hoton da ake gani a monita, su sayi mai araha a nan, alhali idan ya ƙone yana iya tafiya da sauran kayan. A nemi mai shaidar 80 Plus, alamar cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, kuma inda wuta take yawan ɗaukewa a haɗa da UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta.

Ranar haɗawa, a ɗora allon a kan kwalinsa, a taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a taɓa komai, musamman lokacin hunturu da bushewar iska ke sa lantarki ya taru a jiki. A ɗaga ƙarfen soket, a daidaita ɗan kusurwa ukun da ke gefen furosesa da na soket, a ajiye ta a hankali ba tare da dannawa ba, don ƙusoshin ciki sirara ne, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. A ɗiga man sanyaya, wanda ke kai zafin furosesa ga fankarta, kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa, a ɓare ledar da ke ƙasan fanka, wadda ake yawan mantawa da ita, sannan a ɗaure fankar a kan furosesa. Idan sandunan RAM biyu ne, galibi gurbi na biyu da na huɗu ake sa su, a danna har su yi ƙas.

Daga nan a ɗaura allon cikin akwatin kwamfutar bisa ƙananan ginshiƙan da ke hana shi taɓa ƙarfe, a jona babbar waya mai baki 24 da ta furosesa mai baki 8 daga akwatin rarraba wuta zuwa allon. Idan akwai katin hoto, a jikinsa ake soka wayar monita, ba a jikin babban allo ba. A kunna, a danna Delete ko F2 a shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, a tabbatar kwamfutar ta ga RAM da SSD, sannan a ɗora Windows ko Linux daga filashi.