Kurakuran da ke Sa Edita Ya Ajiye Littafinka Tun a Shafi na Uku

Matasan marubutanmu na unguwannin Agege da Idi-Araba a Legas sukan turo mini rubutunsu in duba kafin su kai wa mawallafi, kuma na gaji da maimaita gyara iri ɗaya, shi ya sa na ga gara in faɗa wa kowa a lokaci guda.

Babban ciwon shi ne cika shafi da abin da ba ya ciyar da labari gaba. Wannan ɗabi'a daga rubutun waya ta samo asali, inda marubuci ke sakin babi kullum a zauren WhatsApp, kuma dole ya tsawaita don kada masu karatu su ce ya yi musu rowa. Sai ka ga jaruma ta fito daga wanka an kwashe shafi biyu ana lissafa mai da hoda da leshi da turaren wuta, daga nan ta shiga falo a jero gaisuwa tun daga "ina kwana" har zuwa "ya mai jiki", alhali ba a faɗa mana abin da ke damunta ba. Haba, jama'a! Editan da rubuce-rubuce suka taru a teburinsa ba zai jira ta gama ɗaura ɗankwali ba. Abin da nake yi shi ne in buga rubutun a takarda, in ɗauki jan biro bayan sallar asuba kafin janaretocin unguwa su tashi, in karanta a bayyane, duk sakin layin da zan cire ba tare da labarin ya girgiza ba sai in soke shi. Wanda hannunsa ya saba da tsawaitawa ya horar da kansa da ƙa'idar gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ya rubuta cikakken labari da bai wuce kalma 1,500 ba.

Na biyun ya fi ba ni haushi. Yarinya ta tashi a Agege, amma ta kai labarinta Dubai ko Landan, inda ba ta taɓa takawa ba, sai bayanin ya fito dishi-dishi, ba ƙamshi ba ƙara. Ga kasuwar Mile 12 nan kusa da ita, inda ake sauke kwandunan tumatir daga Arewa da duku-duku, 'yan dako na gudu cikin caɓi, dillali na ciniki da Hausa da Yarabanci a numfashi ɗaya. Wata ɗalibata ta mayar da babinta na farko cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, a cunkoson Oshodi, kuma a nan ne na fara jin muryarta.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutuncin rubutu. A sa haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a kuma raba kalmomi yadda ƙa'ida ta tanada. Kada mai ba da labari ya fara da "na" ya koma "ta" a tsakiyar babi. Kada tsohuwa da jikarta su yi magana da salo ɗaya. Wa'azin shafin ƙarshe kuma a cire shi.

Masu gaggawar kai rubutu Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, su sani cewa mai injin ɗab'i abin da aka miƙa masa yake bugawa, da kurakuransa, kwafi dubu. Ni nakan ajiye rubutu wata guda ban taɓa shi ba, sannan in ba wa wanda ba ya jin kunyata ya karanta kafin ya fita daga hannuna.