Darasi na 9: Maganin Rage Ƙiba da Ƙwayar Tazarar Haihuwa

Mata da yawa a Legas suna shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum. A cikinsu akwai masu neman maganin rage ƙiba. Wata, likita ne ya ce mata nauyi ke tayar mata da hawan jini ko ciwon suga. Wata gwiwa ce ta hana ta hawa bene. Wata kuwa biki ne ya matso, ta ga talla a waya ta aika aka sayo mata. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende, hirar ba baƙuwa ba ce a gidajen suna da wuraren kitso.

Abin da ba a cika faɗa wa mace ba shi ne, wasu daga cikin waɗannan magunguna suna iya raunana ƙwayar da take sha. Sai ta yi ta sha a kan lokaci, hankalinta kwance, ciki kuma ya shiga. Wannan darasin don kada hakan ta faru da ke ne, ko da 'yarki, ko da ƙanwarki.

Hanyar da ƙwaya ke bi

Idan kin haɗiye ƙwaya, ciki take fara sauka. Daga nan ta wuce ƙaramin hanji, can ne jiki ke tsotse maganin ya shiga jini. Sai ya isa jini yadda ya kamata sannan zai hana ƙwan haihuwa fita. Saboda haka duk abin da ya tare ƙwayar a ciki, ko ya dawo da ita ta baki, ko ya kore ta da sauri ta bayan gida, ya taɓa aikinta.

Magungunan rage ƙiba kuwa, da yawa daga cikinsu suna taɓa aikin ciki da hanji. Nan ne hanyarsu ta haɗu da ta ƙwaya.

Allurar mako-mako

Ki koyi karanta waɗannan sunaye, domin da su za ki yi magana a asibiti: Ozempic, Wegovy, Mounjaro. Allurai ne da ake yi sau ɗaya a mako a ƙarƙashin fata. Suna rage jin yunwa, suna kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Shi ya sa mai yin su take cin kaɗan ta ƙoshi.

Ba ɗaya suke ba. Ozempic da Wegovy kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ke yin su, kuma sinadarinsu ɗaya ne, sunansa semaglutide. An amince da Ozempic a Amurka a 2017 don ciwon suga, Wegovy kuma a 2021 don rage ƙiba. Da aka gwada semaglutide tare da ƙwayar tazarar haihuwa, ba a ga ya rage yawan maganin da ke shiga jini ba har ya zama abin damuwa.

Mounjaro daban ce. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ne ke yin ta, sinadarinta tirzepatide, an amince da ita a 2022. Akwai kuma Zepbound, ita ma tirzepatide ce. A gwajin da aka yi, bayan allurar farko ta miligiram 5, ƙololuwar da maganin ƙwaya ke kaiwa a jini ta ragu da fiye da rabi. Jimillar abin da ya shiga jini kuwa ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Ƙwayar ta maƙale a ciki ne kamar mota a cunkoson titin Ikorodu: za ta iso, amma a makare. Wannan jinkirin ya fi ƙarfi a farkon fara allurar da kuma duk lokacin da aka ƙara mata ƙarfi. Daga baya jiki yana sabawa.

Don haka kamfanin da kansa ya rubuta a takardar maganin cewa mai shan ƙwaya ta koma wata hanyar da ba ta baki ba, ko kuma ta ƙara da kwaroron roba na mako 4 bayan fara allurar, da wani mako 4 bayan kowane ƙari. A watan Yuni na 2025 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta sake jan kunnen mata a kan wannan batu.

Ɗauki fensirinki mu yi lissafi, domin a nan ne mata ke tuntuɓe. Ana fara Mounjaro da miligiram 2.5. Bayan mako 4 a koma 5. Idan likita ya ga da buƙata, a je 7.5, sai 10, sai 12.5, sai 15, kuma ba a ƙarawa sai an yi aƙalla mako 4 a kan kowane mataki. Matakai 6 ke nan. Idan kowane wata ana ƙara miki, 6 sau 4 ya zama mako 24. Kusan wata 6 a jere ba za ki dogara da ƙwaya ita kaɗai ba. Wadda ta ji "mako 4" ta ɗauka shi ke nan, an gama, ta shiga haɗari tun daga mako na biyar.

Amai da gudawa

Wannan sashen ya shafi kowa, har mai yin Ozempic ko Wegovy. Tashin zuciya, amai da gudawa suna cikin abubuwan da alluran nan suka fi jawowa, musamman a makonnin farko. Ƙwayar da aka amayar ba ta yi aiki ba.

Idan kin yi amai jim kaɗan bayan shan ƙwaya, ki sake shan wata da zarar cikinki ya lafa, gobe kuma ki sha a lokacin da kika saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a awa 2. A Ingila awa 3 suke cewa ga ƙwaya mai sinadari biyu, irin su Microgynon da Levofem. Ni dai ina ba ki shawara ki ɗauki awa 3, domin ƙwaya ɗaya da kika ƙara ba ta da illar da ta kai cikin da ba ki shirya ba.

Idan gudawa ce mai tsanani ta wuce kwana ɗaya, kada ki daina shan ƙwayar. Ki ci gaba, amma ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura da kwanciya muddin kina gudawar, da kwana 7 bayan ta tsaya. Mai shan ƙwaya mai sinadari ɗaya, wadda ake yawan ba masu shayarwa kamar Exluton da Microlut, kwana 2 za ta ƙara bayan ta warke. Sai dai ita tata ƙwayar ba ta son jinkiri ko kaɗan: awa 3 kawai ta wuce lokaci, an lissafa ta a wadda aka manta.

Akwai wani magani na sha, orlistat, da ake sayarwa da sunan Xenical. Yana hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ke cikin abinci, man ya fita ta bayan gida. Shi kansa ba ya faɗa da ƙwaya, amma idan aka ci abinci mai maiƙo, soyayyen nama ko miya mai manja da yawa, yakan kawo zawo, dokar gudawa kuma ta hau.

Sai shayin rage tumbi, wanda a ganina ya fi duk sauran shiga gidajenmu, domin yana da araha kuma ba a neman takardar likita. Da yawa daga cikinsu akwai ganyen filasko ko danginsa a ciki. Kakanninmu sun san filasko, maganin wankin ciki ne. Abin da ke sauka a sikeli bayan kwana biyu na zawo ruwa ne, ba kitse ba. Mace ta rasa ruwan jikinta, ta rasa kuɗinta, ƙwayarta kuma ta bi ruwa. Wasu haɗe-haɗen ana sa musu garin gawayi, shi kuwa gawayi kama magani yake yi a hanji ya fita da shi. Don an ce abu na gargajiya ne ko ganye ne zalla, ba ya nufin ba ruwansa da ƙwaya.

A ɗakin tazarar haihuwa

Karanta wannan hirar a bayyane, ke da wadda ke kusa da ke. Ɗaya ta zama nas, ɗaya ta zama mai zuwa asibiti.

"Sannu da aiki, Sista."

"Yawwa, Hajiya, sannu da zuwa. Ƙwayar ce ta ƙare?"

"Ta kusa. Amma akwai abin da nake son in faɗa miki. Likita ya ɗora ni a kan allurar rage ƙiba. Ga kwalin na zo da shi."

"Madalla da kika kawo. Mounjaro ce. Yaushe kika fara?"

"Ranar Asabar ɗin da ta wuce."

"Tun ranar kun kwana da maigida?"

"A'a, yana Kano, sai jibi zai dawo."

"To, alhamdu lillahi. Hanya biyu ce. Ko ki ci gaba da ƙwayarki ku ƙara da kwaroron roba, ko mu canza miki zuwa wadda ba ta bi ta ciki ba."

"Sista, maigidan nan ba ya son roba. Zai yarda yau, gobe ya ƙi."

"To gara mu canza. Zauna in nuna miki su."

Wannan Hajiya ta yi abu biyu daidai. Ta zo da kwalin, ta kuma faɗi gaskiyar halin gidanta. Kunya ce ke sa mace ta ɓoye wa likitan ƙiba cewa tana tazara, ta ɓoye wa nas cewa tana rage ƙiba. Kowannensu ya san rabi, ba wanda zai iya gargaɗinta.

Hanyoyin da ba su bi ta ciki ba akwai su a cibiyoyin lafiya na matakin farko a ƙananan hukumomin Legas, da manyan asibitoci kamar LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Akwai allurar Depo ta wata 3, da Sayana Press wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida. Akwai 'yar robar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse: Implanon tana aiki shekara 3, Jadelle shekara 5. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ke kai shekara 10, kuma ana cire ta duk ranar da kika so haihuwa. Amai da gudawa ba sa taɓa ko ɗaya a cikinsu. Abu ɗaya zan faɗa miki tun da wuri: Depo takan ƙara wa wasu mata nauyi, don haka ki tattauna wannan da nas kafin ki zaɓa. Idan kuma kina da hawan jini, ki faɗa, domin ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba tun asali.

Idan an riga an kwana ba kariya, kada ki zauna jiran al'ada. Ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 ana shan ta ne cikin kwana 3, kuma ƙarfinta yana iya raguwa ga mace mai nauyi sosai. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan an sa ta cikin kwana 5, ta fi kowace hanyar gaggawa ƙarfi.

"Ni ai ba na ɗaukar ciki da sauƙi"

Na ji wannan magana daga bakin mata da yawa, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Ƙiba takan dagula fitar ƙwan haihuwa. Mace ta yi wata biyu, wata uku ba ta ga al'ada ba, ta yi shekaru tsakanin haihuwa da haihuwa ba tare da ta sha komai ba. Sai ta saba da sakaci, ta sha ƙwaya yau ta manta gobe, ba abin da ya faru. To, da nauyi ya fara sauka, ko da kaɗan ne, ƙwan yana iya dawowa fita a kan kari. Jikin da kika sani bara ba shi ne na bana ba.

Ciki alheri ne, amma ba a son ya shiga alhali allurar nan tana jiki. A gwajin da aka yi a kan dabbobi an ga illa ga ɗan tayi, shi ya sa ba a ba mai ciki. Mai son haihuwa za ta daina semaglutide aƙalla wata 2 kafin ta fara nema, domin yana daɗewa a jini. Ga tirzepatide, hukumar Ingila ta ce wata 1. Mai shayarwa ma an ce ta bari. Akwai kuma wani haɗin rage ƙiba na sha mai ɗauke da topiramate, wanda aka san yana iya sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe. Idan kin ga wannan sunan a kwali, kada ki sha sai da likita da kariya mai ƙarfi.

Al'ada ta yi jinkiri kina kan ɗaya daga cikin magungunan nan? Sayi abin gwajin fitsari a kemis ki gwada. Idan ya nuna ciki, kada ki yi allura ta gaba, ki je asibiti a ranar ko washegari. Mai ciwon suga ta fi kowa buƙatar hanzari, domin dole a sauya mata wani maganin, ba a barin suga haka nan a kan ciki.

Game da inda za ki saya: a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabun Ozempic a Brazil, Ingila da Amurka. Abin da ya shiga waɗannan ƙasashe ba zai gagara shiga jakar mai talla a WhatsApp ba. Allurar da aka zuba miki a sirinji ba kwali ba suna, ba nas ɗin da za ta iya ce miki ga dokar da za ki bi. Ki saya a kantin magani mai rajista da takardar likita, ki duba lambar NAFDAC, ki tabbata daga firji aka ciro ta.

Aikin rubutu

Buɗe sabon shafi a littafinki. Rubuta sunan ƙwayar tazarar da kike sha, ki kwafo shi harafi-harafi daga jikin kwalin, da ƙarfe nawa kike shan ta. A ƙasa ki rubuta duk abin da kike sha ko kike yi don rage ƙiba, har da shayi da jiƙo, da ranar da kika fara. Idan allura ce, rubuta lambar miligiram ɗin da ke jikinta da ranar da aka ƙara miki ƙarfi na ƙarshe, sannan ki ƙirga kwana 28 daga wannan ranar ki rubuta ranar da ta faɗa. Wadda ba ta shan komai ta yi aikin tare da wata 'yar uwa da ke sha, idan ta amince. Wannan shafin ba na malama ba ne, ba za a karɓa a duba a aji ba. Ki yage shi ki sa a jaka tare da katin asibitinki, ki miƙa wa nas ranar da za ki karɓo ƙwaya.