Yadda za ka san ainihin kuɗin sabuwar mota kafin ka biya

Duk wanda ya taɓa neman mota sabuwa fil daga Bauchi ya san cewa tara kuɗin wahala ɗaya ce, gane nawa ne kuɗin kuma wata wahalar ce daban. Za a faɗa maka farashi ta waya, ka isa wurin dila ka ji wani, ranar biya kuma a fito da wasu kuɗaɗen da ba a taɓa ambata ba. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin yawancin masu sayen sun shafe shekaru suna tanadi.

Kada ka fara ciniki sai an rubuta maka, a takarda mai ɗauke da sunan kamfani, jimillar abin da za ka biya har motar ta iso ƙofar gidanka, tare da ranar da farashin zai daina aiki. Ranar tana da muhimmanci, saboda tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dilolin da ke shigo da motoci suna sauya farashi gwargwadon motsin dala.

Daga nan sai ka bi jimillar dalla-dalla. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, wato a motar naira miliyan 40 ya kai miliyan 3, don haka dole ka san ko yana cikin farashin ko za a ɗora shi daga baya. Ka tambayi kuɗin kwastan, da na lamba, da na inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 a Janairun 2023. Sai kuɗin kawowa, wanda mu mutanen Bauchi muka fi ɗanɗana, tunda yawanci daga Legas, Abuja ko Kano motar za ta taso. Ka tantance ko a kan tirela za a ɗauko ta ko direba ne zai tuƙo ta, domin motar da aka tuƙo sama da kilomita 1,000 daga Legas ta riga ta fara cin garantinta.

Gyaran da ake yi wa mai saye, kamar ragi ko sabis kyauta, shi ya fi ruɗar da mutane. Sabis ɗin da ba a yin sa sai a garejin dilan da ke Abuja, kuɗin mai da na masauki za su iya cinye amfaninsa. Idan ragin ya yi yawa, don ka tabbatar motar ba ta daɗe a ajiye ba, ka duba takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, inda galibi ake rubuta wata da shekarar ƙira, sannan ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke takardun kwastan.

Mai sayen mota ta hanyar banki ya ninka biyan wata da adadin watanni, ya ƙara abin da ya bayar tun farko, don ya san jimillar abin da zai biya. A tsarin murabaha irin na Bankin Jaiz, banki ne ke sayen motar ya sayar maka da ribar da aka bayyana tun ranar yarjejeniya. Idan da dillali a tsakani, a fayyace wanda zai biya la'ada. Kafin alƙalami kuwa, ka tura shi asusun kamfani, a rubuta a rasit ko za a mayar maka idan motar ba ta iso a ranar da aka ɗiba ba.